SA'AD DA FITILA TA KOMA CIN LAGWANI

Wa'azi domin ma'aikatan jinya da ekklesiyoyinsu

Abin karantawa: I Sarakuna 19:1-18, Fitowa 18:13-26, Markus 6:30-32

Duk wanda ya taɓa kwana da fitilar ƙwai ya san abin da kan faru idan kananzir ya ƙare. Fitilar ba ta mutuwa nan da nan. Sai ta koma cin lagwani, haskenta ya yi ja, ta soma hayaƙi, ƙwan ya yi baƙi ƙirin. Mai hankali ba ya zagin fitilar, ba ya kuma ƙara murɗa lagwanin sama. Ya kan tashi ya nemo mai ya zuba.

A wannan wata muna so mu yi magana a kan waɗansu fitilu da ke ci dare da rana a cikinmu, watau nas-nas da ungozomomi da sauran ma'aikatan jinya. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan ekklesiya ne. Da yawa kuma mansu ya ƙare tuni, lagwani su ke ci, mu kuwa ba mu lura ba.

Kwanan baya, bayan an tashi daga sujada, wata 'yar'uwa ta tsaya a bakin ƙofa har jama'a su ka watse. Nas ce, tana aiki a wani ƙaramin asibiti cikin ƙauyukan ƙasar Jibiya, ta wajen Gangara, kusa da iyakar Nijar. Makonni da dama ba mu gan ta a majami'a ba, har mun aiki dattawa biyu su je su tambaye ta ko ta ja da baya ne. Ta durƙusa ta gaishe mu, sa'an nan ta ce, "Baba Fasto, ina da tambaya. Shekaranjiya da dare yaro ya mutu a hannuna. Na rufe masa ido, na rubuta cikin littafi, na wanke hannu, na ce a shigo da na gaba. Ban ji kome ba. A da nakan yi kuka. Yanzu uwar tana kuka ni kuwa haushinta na ke ji. Baba, ko Ubangiji ya rabu da ni ne?"

Mu ka rasa abin faɗi. Kunya ta kama mu, gama mun aika a bincika bangaskiyarta, amma ba mu aika a tambayi yaushe rabonta da barci ba. Wannan wa'azi amsa ce ga tambayarta, tuba ce kuma a gare mu.

ABIN YANA DA SUNA

Abin da ya sami 'yar'uwar nan ba sabon abu ba ne, ba kuwa ita kaɗai ya sama ba. A shekara ta 1974 wani masanin halin ɗan Adam a birnin Niyok na Amurka, mai suna Herbert Freudenberger, ya rubuta a kansa. Yana aiki a wani ɗakin shan magani na kyauta, sai ya ga masu aikin sa kai, waɗanda su ka soma da himma ƙwarai, sannu a hankali suna yin sanyi, suna fushi, suna janye jiki. Ya kira abin da wata kalmar Turanci mai ma'anar wutar da ta ci ta cinye. Daga baya wata malama, Christina Maslach, tare da abokiyar aikinta, su ka fito da ma'aunin gwada shi a 1981. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin babban littafinta, ta ce ba cuta ba ce irin ta jiki, abu ne da wahalar wurin aiki ke haifarwa idan ta daɗe ba a magance ta ba.

Alamunsa uku ne. Ta fari, ƙarfi ya ƙare sarai, irin gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya kawar da ita. Ta biyu, zuciya ta yi nisa da aikin da mutanen da a ke yi wa aikin, har mai jinya ya riƙa ganin majiyyaci kamar lamba ce a kati. Ta uku, mutum ya ga kamar duk abin da ya ke yi ba shi da amfani. Mu dai bari mu kira shi gajiyar da ta kai ga ɓargo.

Amma tun kafin masana su ba shi suna, Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna mana shi. Ku duba annabi Iliya. Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, Yezebel ta aika masa da saƙon kisa. Ya gudu zuwa Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura da alamun nan uku. Jikinsa ya gaji har barci ya kwashe shi a ƙasa. Ya rabu da mutane, har da baran da ke yi masa hidima, yana ganin duk jama'a sun zama maƙiya. Ya kuma ɗauka aikinsa duka ya tashi a banza, bai fi waɗanda su ka riga shi ba. Wannan fa annabi ne wanda addu'arsa ta sauko da wuta da ruwan sama. In haka ta sami Iliya, kada wani ya ce ƙarancin bangaskiya ne kaɗai ke kawo ta.

ME KE SHANYE MAN?

Na fari, yawan aiki da ƙarancin hannu. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A shekara ta 2002 wata malamar jinya a Amurka, Linda Aiken, ta buga bincike daga asibitoci 168 da nas fiye da 10,000. Ta tarar kowane majiyyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda ke hannunta, hatsarin irin gajiyar nan ya kan ƙaru da kashi 23 cikin 100, hatsarin mutuwar majiyyata kuma da kashi 7 cikin 100. Can fa ana maganar ko huɗu ko takwas ne a hannun nas guda. To, ina ga wadda ke riƙe da ɗaki ɗungum ita kaɗai?

Ku tuna da yadda damina ta ke a ƙasarmu. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya kan yi yawa, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tamowa ta kama yara. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda a kan kira Na-Gari Na-Kowa, ta soma aikin tamowa a Jihar Katsina a 2021, har da ƙasar Jibiya. Ta ba da labari cewa a watanni shida na farkon 2025 ta duba yara masu tamowa kusan 70,000 a jihar, kusan 10,000 sai da aka kwantar da su, 652 kuma su ka rasu a wuraren jinyarta. Mu mukan karanta lissafin mu yi juyayi mu wuce. Amma kowane ɗaya daga cikin yaran nan 652 akwai hannun da ya nemi jijiyarsa, akwai idon da ya ga numfashinsa na ƙarshe, akwai bakin da ya faɗa wa uwar. Hannun nan da idon nan da bakin nan na nas ne.

Ga shi kuma hannuwan suna raguwa. A watan Fabrairu 2024 magatakardan Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya ce nas wajen 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Ba mu ga laifin mai neman abinci ba. Amma duk wanda ya tafi Ingila ko Saudiyya, kayansa a kan wanda ya rage ya ke sauka. Na birni ya tafi ƙetare, na ƙauye ya nemi komawa birni, asibitin bakin iyaka ya rage da mutum ɗaya ko biyu. Cuta kuwa ba ta san iyaka ba. An rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar a Agusta 2023 har zuwa Maris 2024, amma ƙyanda da amai da gudawa ba su tsaya a Magama sun nuna takarda ba. Dangi ɗaya ne daga Jibiya har Ɗan Isa da Madarumfa da Maraɗi, mai ciwo kuwa inda ya ji akwai magani can ya ke nufa.

Na biyu, rashin barci. Allah ya yi dare domin hutawa, amma naƙuda da suma ba su jiran gari ya waye. Aikin dare dole ne, sai dai ya kamata hutu ya biyo bayansa. Inda hannu ya yi kaɗan, wadda ta kwana a tsaye ita ce za ta yini, gama ba wanda ya zo ya karɓe ta. In ta koma gida, ga girki, ga wanki, ga yara, ga maƙwabta da ke ƙwanƙwasa ƙofa a yi musu allura. Jiki magayi. Wanda bai yi barci ba hankalinsa ya kan yi nauyi, haƙurinsa ya gajarta, kuskure kuma ya kan yi masa sauƙi. Kuskure a ma'aunin maganin jariri kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku, sanin magani da rashinsa. Wannan ya fi gajiyar jiki ciwo. Ta yi shekaru tana koyo a makarantar jinya ta Katsina ko ta ungozoma a Malumfashi. Ta san mai zub da jini bayan haihuwa jini ta ke bukata. Ta san yaron da numfashi ke yi wa wuya iska ya ke bukata. Amma ba jini, ba tukunyar iska, ba wuta, sai hasken waya a baki tana ɗinki. Ta rubuta magani, uban yaro ya dubi takardar ya dubi aljihunsa, ya ɗauki ɗansa ya tafi gida. Mutumin da ya ga abin da ya kamata a yi, aka ɗaure masa hannu yau da gobe, zuciyarsa ta kan yi kanta, kamar tafin hannun manomi, don kada ta riƙa jin zafin. Abin da 'yar'uwarmu ta ɗauka mutuwar ƙauna ce, kanta ce. A ƙarƙashin kanta kuwa nama mai rai yana nan.

Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a watan Afrilu 2001, su ka yi alkawarin ba kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Shekaru fiye da ashirin su ka wuce kasafin tarayyar Nijeriya bai kai wurin ba. Giɓin da ke tsakanin alkawari da cikawa, da jikin ma'aikacin jinya a ke cike shi.

Na huɗu, tsoro. Mutanen ƙasar Jibiya da Batsari da Safana ba su bukatar a ba su labarin 'yan bindiga. A 2019 dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato su ka ƙetare zuwa jihar Maraɗi gudun hijira. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, aka yi watanni a haka. Ku yi tunanin ungozoma da haihuwa ta gardama a hannunta, ba ta iya kiran mota, ba ta iya kiran likita, ba ta iya gaya wa mijinta tana da rai. A watan Janairu 2025 'yan bindiga su ka shiga har cikin babban asibitin Ƙanƙara da dare. Labari irin wannan ya kan isa kunnen kowane mai aikin dare a jihar. Iliya bai karai a gaban annabawan Ba'al 450 ba, amma saƙon kisa guda ɗaya bayan doguwar gajiya ya karya shi. Tsoro a kan gajiya, gishiri ne a kan gyambo.

Na biyar, hakki da rashin godiya. Yaba kyauta tukuici. Albashin da ba ya kai ƙarshen wata, alawus da a ke bi bashi, ƙarin girma da ya makara, canjin wurin aiki da a ke yi bisa sanayya, duk waɗannan su kan gaya wa ma'aikaci cewa ba a san da shi ba. A ƙarshen watan Yuli 2025 nas-nas na asibitocin tarayya su ka shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ƙarancin ma'aikata, su ka janye bayan 'yan kwanaki. Mutane da yawa su ka zage su. Amma Littafi Mai Tsarki bai raina maganar hakki ba. Shari'ar Musa ta hana a kwana da hakkin ɗan ƙodago, wasiƙar Yaƙub kuma ta ce hakkin da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji.

Ku sake duba misalin Basamariyen nan a Luka 10. Mukan tsaya a kan man da ya zuba da raunin da ya ɗaure. Amma kashegari fa? Ya danƙa majiyyacin ga mai masauki, ya ba shi dinari biyu, ya yi alkawarin biyan duk abin da ya ƙaru, ya kama hanyarsa. Mai masaukin nan shi ne nas na cikin labarin. Ubangijinmu bai sa Basamariye ya ce masa ya yi jinya kyauta saboda Allah ba. Tausayi na gaskiya ya kan biya mai jinya hakkinsa, ya kuma san lokacin da zai miƙa aiki ga wani.

Na shida, kaɗaici, da mu kanmu. Nan fa ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Wa ke tsayawa a kan nas yana ɗaga murya don an duba wani kafin nasa? Wa ke kawo mara lafiya bayan kwana bakwai a gida, in ya cika a ce asibiti ne ya kashe shi? Sau da yawa mu ne. A cikin ekklesiya kuma, da mun ga nas sai mu ga ma'aji, da shugabar Zumuntar Mata, da mai duba hawan jinin dattawa bayan sujada, da wadda za a je wa rance tun da ta ke mai albashi ce. In ba ta zo ranar Lahadi ba mu ce ta yi sanyi. Ba mu tuna cewa sa'ad da mu ke raira waƙa tana can tana karɓar haihuwa ba.

YADDA ALLAH YA YI JINYAR ILIYA

Ku lura da jerin abin da Allah ya yi, gama jerin yana da koyarwa. Bai fara da tsawa ba, bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga waina da aka toya a kan garwashi, ga tulun ruwa. Ya ci ya sha ya sake kwanciya, aka ƙyale shi. Aka sake tashe shi ya ci, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Ya bar shi ya zazzage cikinsa har sau biyu, da kalmomi iri ɗaya, bai katse shi ba. Ya yi masa magana, ba cikin iska mai ƙarfi ko girgizar ƙasa ko wuta ba, amma cikin lumana. Sa'an nan ya gyara masa lissafi, ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Daga ƙarshe ya ba shi Elisha. Barci, abinci, kunne, gaskiya, abokin aiki. Mu kuwa mukan fara da tsawa mu ƙare da tsawa.

Haka kuma Musa. Yana zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, sai surukinsa Yetro ya ce masa abin da ya ke yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a. Maganin da ya ba shi ba ƙarin ƙoƙari ba ne. Ya ce a raba aikin, a sa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin, na goma. Laifin ba a zuciyar Musa ya ke ba, a tsarin aikin ya ke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu bincike na zamaninmu ma ga wannan su ka kai, cewa ba a warkar da gajiyar nan da gaya wa ma'aikaci ya ƙara haƙuri kaɗai, sai an gyara nauyin kayan, da hakki, da adalci a wurin aiki.

Ubangijinmu Yesu da kansa, sa'ad da macen nan mai zub da jini ta taɓa rigarsa, ya ji iko ya fita daga gare shi. Ashe warkarwa tana cin mai warkarwa. Ya gaji ya zauna a bakin rijiya. Ya yi barci cikin jirgi ana hadiri. Da almajiransa su ka dawo daga aiki, jama'a suna ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba, ya kira su su keɓe su huta, ko da ya ke mabukata ba su ƙare ba. In Ɗan Allah bai ga hutawa zunubi ba ne, wane ne mu?

GARE KU MA'AIKATAN JINYA

'Ya'yanmu, ƙannenmu, Ubangiji bai rabu da ku ba. Bushewar hawaye ba bushewar bangaskiya ba ce. Da ƙauna ta mutu a zuciyar 'yar'uwar nan da ba ta tsaya a bakin ƙofa tana tambaya ba. Annabi Ishaya a sura 42 ya kwatanta Bawan Ubangiji da mai lallaɓa fitilar da ta kusa mutuwa, ba mai hure ta ba.

Ku karɓi hutunku na shekara, kada ku sayar da shi. Ku ci abinci kafin ku shiga aiki. Ranar da ba ku da aiki ku yi barci, kada lamiri ya kāshe ku. Ku koyi cewa, "Ku je asibiti, yau ba ni da aiki." Ku sami mutum ɗaya da za ku riƙa gaya wa abin da ku ka gani, kada ku bar baranku a Biyer-sheba ku shiga jeji ku kaɗai. Abokan aikinku Musulmi kaya ɗaya ku ke ɗauke da shi, ku tambayi lafiyarsu, ku karɓe su su yi salla, su karɓe ku ku je sujada. Ku yi hankali da ƙwayoyin hana barci da na sa barci da ke kusa da hannunku, gama sun hallaka masu ilimi da yawa. Ku nemi hakkinku ta hanyar ƙungiyarku, da gaskiya da ladabi. Ba kuwa mu ce gajiya ta halatta wulakanta majiyyaci ba. In kun yi wa wani tsawa, ku nemi gafara. Amma ku sani ku ba masu ceto ba ne, Mai Ceto ɗaya ne. Rai da mutuwa ba a hannunku su ke ba, aminci cikin abin da ku ke iyawa shi a ke nema gare ku.

In kuwa wani ya kai inda Iliya ya kai, yana jin gara ya mutu, kada ya ɓoye. Ya faɗa wa fastonsa ko wani amintacce yau, a kuma raka shi wurin likita. Wannan ba abin kunya ba ne.

GARE MU EKKLESIYA

Kakanninmu da yawa sun fara jin bishara a bakin ƙofar asibiti. Masu mishan sun yi jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina tun shekarun 1930, su ka buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, da na Danja kusa da Maraɗi a 1956. Mukan tuna da sunayen likitoci Turawa, amma wanke gyambo da kwana a kan mara lafiya, yawancinsa 'yan ƙasa ne su ka yi. Muna da bashi a wuyanmu.

Ga abin da kowace ekklesiya za ta iya yi, kome ƙanƙantarta. A rubuta sunayen ma'aikatan jinya da ke cikinta, a riƙa yi musu addu'a da suna. Kada a ɗora wa mai aikin dare muƙami fiye da ɗaya. Zumuntar Mata ta raba kwanaki, a kai wa gidan mai aikin dare tuwo, a riƙe mata yara ta yi barci. Maza, wanda matarsa ta kwana a asibiti kada ya tashe ta don ruwan wanka. Fasto ya kai wa waɗanda aiki ya hana zuwa Jibin Ubangiji ziyara, ya je da kunne, ba da sanda ba. Mu kai marasa lafiyarmu da wuri, mu ba da jini in an nema, mu bi layi, mu ce an gode. Masu faɗa a ji a cikinmu su yi magana da hukuma a kan ƙarin ma'aikata da tsaron asibitoci, gama wannan ma aikin Yetro ne. Ranar 12 ga Mayu ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya, ranar haihuwar Florence Nightingale, wadda ta riƙa zaga ɗakunan sojoji da fitila a yaƙin Kirimiya tun 1854, ta koma gida ta yi shekaru da yawa a kwance ba lafiya. Ranar Lahadi mafi kusa da wannan rana, a tsai da su a gaban jama'a a sa musu albarka.

'Yar'uwar nan ta koma bakin aikinta. Ba mu iya ƙara mata ma'aikata ba, ba mu iya kawo mata jini ko wuta ba. Amma an sauke mata littafin baiko, mata uku suna karɓa-karɓar abincin gidanta, dattawan nan biyu kuma sun koma sun nemi gafararta. Damina kuwa tana tafe. Kowa ya duba fitilar da ke kusa da shi tun ba ta mutu ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai da ka ciyar da Iliya a jeji, ka dubi bayinka masu jinya a Gangara da Jibiya da Katsina da Maraɗi da ko'ina. Ka ba su barci mai daɗi, ka tsare su a hanya da cikin dare, ka aiko musu da abokan aiki. Ka ba masu mulki zuciyar adalci. Ka gafarta mana inda mu ka ƙara musu kaya. Ka sake cika fitilunsu da mai, domin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.